Daga Waken Kalaba Zuwa Ɗakin Amarya: Tarihin Maganin Hawan Jinin Ido da Ya Koma Kayan Kwalliya

Bari in fara da abin da ya zaunar da ni wannan rubutu.

Ina da goggo a Bungudu, yayar mahaifina, ta ba sittin baya. Idonta na hagu ya riga ya tafi tun kafin a gano abin da ke damunta. Na dama kaɗai ya rage, shi ake ta lallaɓawa da maganin ɗigawa, ɗigo ɗaya kowane dare. Bayan 'yan watanni da fara maganin, sai mutanen gida suka lura gashin idon daman ya yi tsawo, ya yi kauri, ya yi baƙi wuluk, na hagu kuwa yana nan yadda yake. Abin har ya zama na tsokana, jikoki na cewa Goggo za ta sake amarci.

Ana nan sai aka sa ranar auren wata jikarta da ke Gusau. Ta zo gaisuwa, ta ga gashin, ta roƙi kwalbar. Ranar da na je na tambaya, "Goggo, ina maganinki?" sai ta ce, "Na ara ma ɗiyar nan ta gyara ido kahin biki. Ai ni idon ba ya yi mini ciwo." Sati uku ke nan ba ta ɗiga ba. Da muka kai ta asibiti a Gusau aka auna, matsin idon ya koma inda yake kafin a fara magani.

Yarinyar ba da mugunta ta yi ba. A TikTok ta gani cewa akwai wani abu mai tsada da ake kira Latisse da matan Amurka ke shafawa, kuma wai maganin idon da ake samu a kemis da araha duk abu ɗaya ne. Shin gaskiya ne? Akwai gaskiya a ciki, akwai kuma abin da ba a gaya mata ba. Tarihin maganin shi zai warware mana.

Kwalli ya riga kowa

Son ido mai kyau ba yau ya fara ba. Misirawa na zamanin Fir'auna suna rangaɗa kwalli, kuma a ƙasar Hausa babu lefen da ya cika ko jegon da aka yi ba tare da tandun kwalli ba. Sai dai abin da ake niƙawa a sayar da sunan kwalli ko tozali sau da yawa dutsen galena ne, wato dalma haɗe da farar wuta. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka suka sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan iyaye 'yan Najeriya. Da aka bi diddigi, sai aka tarar kwallin da ake sa masa ne, kuma kashi 82.6 cikin ɗari na garin dalma ce.

Mu a Zamfara ba sai an yi mana bayanin dalma ba. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, aka rasa aƙalla yara 400. Wancan daga duwatsun zinare da ake niƙawa a cikin gidaje ne, ba daga kwalli ba, amma gubar ita ce dai.

Turawa ma sun sha tasu. A 1933 wani rini na gashin ido mai suna Lash Lure ya makantar da mata fiye da goma a Amurka, ɗaya ta mutu. Wannan na cikin abubuwan da suka sa aka kafa dokar 1938, wadda ta ba hukumar abinci da magunguna ta ƙasar, FDA, ikon sa ido a kan kayan kwalliya. Ka riƙe wannan a ranka, mai karatu, za mu sake haɗuwa da hukumar nan a gaba.

Wane ciwo ne hawan jinin ido?

Sunan da muke kiran sa yana ɗan ruɗarwa, domin ba jini ne ke hawa ba. A gaban ido akwai wani ruwa garai-garai da idon ke samarwa dare da rana, yana ciyar da sassansa, sannan ya fice ta wasu ƙananan magudanai. Idan magudanan suka ƙi ja yadda ya kamata, ruwan ya taru, matsi ya ƙaru. A yawancin masu lafiya matsin na tsakanin 10 zuwa 21 a ma'aunin likitoci. Matsin da ya fi ƙarfin ido yana kashe jijiyar gani a hankali, ita ce ke kai saƙo daga ido zuwa ƙwaƙwalwa. Likitoci na kiran ciwon gilakoma.

Muguntar ciwon biyu ce. Ta farko, nau'in da ya fi yawa a wajenmu ba ya zafi, kuma daga gefe yake fara cin gani, sai mutum ya daɗe bai ankara ba. Ta biyu, abin da ya tafi ya tafi. Yanar ido ana yin aiki a cire, mutum ya koma gani. Wannan kuwa iyakar abin da magani ko aiki zai yi shi ne ya tsare ragowar.

Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007, a kan mutane sama da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama, ya nuna yanar ido ce ke kan gaba wajen makantarwa, hawan jinin ido na biye da kusan kashi 17 cikin ɗari. Nazarin da Dakta Fatima Kyari da abokan aikinta suka fitar daga wannan bincike a 2015 ya nuna kusan mutum biyar cikin ɗari na masu waɗannan shekaru suna da ciwon, ɗaya cikin biyar daga cikinsu ya riga ya makance, kuma waɗanda suka san suna da shi ba su kai kashi shida cikin ɗari ba. Ka ga Goggo ma tana cikin masu sa'a.

Maganin farko daga ƙasar nan ya fito

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi ba ni sha'awa. A Kalaba akwai wani wake mai dafi da Efik ke kira esere, wanda a da ake ba wanda ake tuhuma da maita ya ci: in ya yi amai ya tsira an wanke shi, in ya mutu laifi ya tabbata. 'Yan mishan na Sikotilan suka aika da waken birnin Edinbura. A 1855 Farfesa Robert Christison ya ci gutsure don ya gwada a kansa, da ƙyar ya sha. A farkon shekarun 1860 Thomas Fraser da Argyll Robertson suka nuna cewa ruwansa na tsuke ƙwayar ido. A 1864 aka ware sinadarin da ke ciki, aka sa masa suna fisostigmin. Sai a 1876 likitan ido Ludwig Laqueur na birnin Strasbourg, wanda shi kansa yana fama da ciwon, ya nuna cewa ɗiga shi na sauke matsin ido. Shi ne maganin ɗigawa na farko na hawan jinin ido.

Kusan lokaci guda aka sami pilocarpine daga wani ganye na ƙasar Birazil, ya yi shekara ɗari yana aiki. A 1978 timolol ya shigo, mai rage yawan ruwan da ido ke samarwa. Har yau shi ne aka fi sani a wajenmu saboda araha, ko da yake ba a son sa ga mai asma ko mai wasu cututtukan zuciya.

Sinadarin da aka yi wa mummunar fahimta

A 1935 masanin ƙasar Suwidin Ulf von Euler ya raɗa wa wani sinadari da ya samu a maniyyi suna furostagilandin, bisa zaton daga gaɓar furostet ta maza yake fitowa. Daga baya aka gane ba ɗaya ba ne, dangi ne guda, kuma kusan ko'ina a jiki ana yin su: suna da hannu a kumburi, zazzaɓi, ciwon mara da naƙuda. Aiki a kansu ya kai Sune Bergström, Bengt Samuelsson da John Vane ga kyautar Nobel a 1982.

A fannin ido an daɗe ana kallon su a matsayin abokan gaba, domin idan aka zuba da yawa a idon dabba matsi hawa yake yi, ido ya yi ja. László Bitó na Jami'ar Kolombiya a New York da matashin mai bincike Carl Camras suka nuna a 1977 cewa ɗan kaɗan ɗin akasin haka yake yi, sauke matsi yake. Dalili shi ne yana sassauta wata hanya ta biyu da ruwa ke bi ta tsakanin tsokokin cikin ido. Aka ɗauki kusan shekara ashirin, tare da Johan Stjernschantz na kamfanin Pharmacia a Suwidin, ana gyara sinadarin don a rage jan idon. A 1996, shekarar da aka cire Zamfara daga Sakkwato, FDA ta amince da latanoprost da sunan kasuwa Xalatan. A 2001 wasu biyu suka biyo: travoprost da sunan Travatan, da bimatoprost na kamfanin Allergan da sunan Lumigan. Ɗigo ɗaya da dare kan sauke matsi da kusan kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Tun 2013 latanoprost na cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Likitan da ya lura da abin da jikokin Goggo suka lura

A 1997 wani likitan ido a Seattle, Murray Johnstone, ya duba marasa lafiya 43 da ke ɗiga latanoprost a ido ɗaya kacal. Ya kwatanta idon da ake sa wa da wanda ba a sa wa, ya tarar gashin na farkon ya fi tsawo da kusan kashi ɗaya cikin biyar, ya fi kauri, ya fi duhu, har da sabon gashi a inda babu a da.

Yadda abin ke faruwa shi ne, kowane gashi na da lokacin tsiro, lokacin hutu, da lokacin zubewa. Na kai yakan yi shekaru yana tsiro, shi ya sa yake tsawo. Na ido kuwa wata ɗaya zuwa biyu ne, sai ya tsaya. Maganin na tsawaita lokacin tsiron, yana tayar da saiwoyin da ke hutu, yana kuma zuga ƙwayoyin da ke yin melanin, sinadarin da ke ba fata da gashi duhu.

A takardar magani, wannan a jerin illoli aka rubuta shi. Amma 'yan kasuwa sun hango kuɗi. Wasu kamfanonin kwalliya suka fara zuba sinadarin a kayansu, har a Nuwamba 2007 hukuma ta ƙwace bututu sama da 12,000 na wani man gashin ido a Kalifoniya saboda yana ɗauke da bimatoprost ba da izini ba. Allergan shi ya bi ta ƙofa: ya yi gwaji a kan mutane 278 na mako 16. Kashi 78 cikin ɗari na masu shafa maganin sun ga ƙari, a kan kashi 18 na masu shafa ruwan da babu magani, kuma tsawon gashin ya ƙaru da kusan kashi 25. A Disamba 2008 FDA ta amince da Latisse, a kan kusan dala 120 na wata guda, kuma sai da takardar likita. Shekara ba ta zagayo ba, a 2009, hukumar ta rubuta wa kamfanin gargaɗi cewa tallarsa na rage girman illolin.

To, abu ɗaya ne ko ba ɗaya ba?

Ruwan da ke cikin Latisse bimatoprost ne mai ƙarfin kashi 0.03 cikin ɗari, daidai da Lumigan na farko. A nan TikTok bai yi ƙarya ba. Kuma kamfani in ya ƙirƙiro magani, haƙƙin mallakarsa na shekara ashirin ne daga ranar rajista; in ya ƙare, wasu kan yi nasu da sunan sinadarin, shi ne maganin gama-gari. Latanoprost ya shiga wannan sahu a Amurka a 2011, na gashin ido kuma a 2016. Kamfanonin Indiya kuwa sun daɗe suna yin nasu, kamar Careprost na Sun Pharma. Maganin gama-gari mai rajista ba jabu ba ne, kuma ba don shi ba, da irin su Goggo ba su iya saye.

Bambancin a wurare huɗu yake.

Na farko, yadda ake sawa. Latisse ba a ɗiga shi cikin ido. Yana zuwa da 'yan burusai masu tsabta, kowane ɗaya na ido ɗaya ne sau ɗaya a yar. Ana shafawa a fatar gindin gashin sama kaɗai, a goge abin da ya zubo. Abin da ke shiga ido ɗan kaɗan ne. Kwalbar hawan jinin ido ba ta da wannan, sai ka ga ana amfani da tsinken kwalli, auduga, ko a ɗiga kai tsaye.

Na biyu, ba duk maganin hawan jinin ido ne ke tsirar da gashi ba. Timolol ba ya yi, kuma yana iya rage bugun zuciya ya tayar da asma. Wasu kwalaben haɗi ne na bimatoprost ko latanoprost da timolol. Hatta Lumigan na kashi 0.01 da aka fitar a 2010, sinadarin hana ruɓewar da ke cikinsa ya ninka na tsohon sau huɗu. Wadda ta shiga kemis ta ce a ba ta "maganin idon nan", ba ta san wanne za a miƙo mata ba.

Na uku, ajiya da asali. Yawancin latanoprost a firji ake ajiye shi kafin a buɗe, bayan buɗewa kuma kada zafi ya wuce digiri 25. Ka tuna yadda Gusau da Tsafe suke a watan Afrilu, sama da digiri 40, ga wuta ba tabbas. Bimatoprost ba ya buƙatar firji, amma shi ma iyakarsa 25 ce. Sannan abin da aka sayo ta WhatsApp ba lambar NAFDAC, babu mai ba ka tabbacin abin da ke ciki. A 2023 wani ruwan ɗigawa gurɓatacce ya harbi mutane 81 a Amurka, 14 suka rasa gani, huɗu suka mutu.

Na huɗu, likita. Takardar da ake nema kafin a sayar da Latisse tana nufin wani ya duba idon ya ga ko ya dace.

Illolin da ba su san tambari ba

Mai tsada da mai araha duk suna iya jawo jan ido, ƙaiƙayi da bushewa. Fatar kewayen ido na iya yin duhu, ta zama kamar an yi kwanaki ba barci. Launin ƙwayar ido na iya ƙara duhu har abada, ko da yake wannan ya fi bayyana ga masu ido mai haske, a namu ba a cika ganewa ba. Tun 2004 likitoci suka fara ba da rahoton cewa maganin na rage kitsen da ke tallafe da ido, sai ido ya zurma, fatar sama ta loɓa. Wanda ke da kumburin cikin ido ko aka yi masa aikin yana, zai iya samun matsala a bayan ido. Ga mai ciki kuma, likitoci na kaffa-kaffa, tunda dangin sinadarin ne ke motsa mahaifa. Wani abin da ake zubawa a wasu mayukan gashin ido na intanet, isopropyl cloprostenate, ɗan'uwan allurar da likitocin dabbobi ke yi wa shanu ne don daidaita lokacin barbara.

Akwai biyu da suka shafe mu musamman. Zamfara na cikin jihohin da suka daɗe suna yaƙi da amosanin ido, ciwon da ke tabo a cikin fatar ido har gashi ya juya yana gogar ƙwayar. Maganin kansa na iya sa gashi ya fito a karkace. Wadda ke da tabon, in ta ƙara wa gashin tsawo da kauri, ta ƙara wa kanta abin da zai karce ido. Na biyun, ciwon yana bin dangi. Jikar Goggo na cikin waɗanda ya kamata a riƙa auna wa ido nan gaba. In tana shafa abin da ke sauke matsi ba ta faɗa ba, awon zai iya fitowa lafiya alhali ba haka ba ne.

Kuma duk wannan, da an daina shafawa, cikin makonni ko 'yan watanni gashin zai koma yadda yake.

Abin da nake roƙo

'Yar'uwa, in kina son gwadawa, ki fara da zuwa a auna miki ido. Akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Gusau, akwai Asibitin Ido na ECWA a Kano da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna. In likita ya amince, na gama-gari mai lambar NAFDAC daga kantin magani mai rajista zai yi aikin da mai tsada ke yi, matuƙar an shafa shi yadda ya kamata. Kada ki haɗa kwalba da kowa, kada bakinta ya taɓa ido ko yatsa. Masu kemis a Tsafe, Kwatarkwashi da sauran garuruwanmu, wannan ba maganin miƙawa ba ne don an ambaci sunansa.

Wanda kuma ke da dattijo mai wannan ciwo a gida, ya riƙa duba kwalbar da kansa, ya tambaya ko an ɗiga jiya. Rashin ciwo ba shi ne lafiya ba. In ka kai arba'in, ko akwai wanda ya makance a danginku ba a san dalili ba, je a auna ka.

Goggo ta koma kan maganinta, matsin ya sauka. An yi biki lafiya, amaryar da kanta ta sayo sabuwar kwalba ta kawo tana ba da haƙuri. Abin da sati ukun nan suka ci a jijiyar, ko kaɗan ne ko da yawa, ba zai dawo ba. Yanzu kwalbar tana cikin wani ɗan gwangwani kusa da randa, inda ya fi sanyi a ɗakin, kuma ƙanina ne ke ɗiga mata bayan sallar isha'i.

Allah Ya kare mana ganinmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.